Mota Na Jijjiga Idan An Taka Totur: Yadda Ake Gane Ko Shaf Ɗin Gaba Ne

Mota tana tafiya lafiya lau a kan miƙaƙƙen titi, amma da zarar an ba ta wuta don a wuce wata motar ko a hau tudu, sai gabanta ya kama rawa, kujera da ƙasan ƙafa su ɗauki karkarwa. Ana ɗaga ƙafa daga totur sai ta yi luf kamar ba ita ba. Yawancin masu mota idan suka ji haka wurin balansin taya suke nufa. A yi balansin, a fito, jijjiga tana nan daram. Wani har sai ya sauya tayoyin gaba biyu kafin ya gane an bar jaki ana dukan taiki.

Jijjigar da ke zuwa da totur ta kuma tafi da ɗaga ƙafa, shaf ɗin gaba, wato sandar da ke kai wa taya juyin inji, shi ne farkon abin zargi a kanta, musamman kansa na ciki. Sai dai ba a sayen shaf a kan zato, domin akwai abubuwa huɗu ko biyar da ke girgiza mota kusan iri ɗaya, kuma ana iya tantance su da gwajin da bai wuce awa guda ba.

Abin da ke cikin baƙar robar nan

Motar da ke ja da tayoyin gaba tana da shaf biyu, hagu da dama, kowanne ya fito daga giyabos ya shiga tsakiyar taya. Aikinsa shi ne kai wa taya juyin inji, alhali ita tayar ba wuri ɗaya take tsaye ba: tana hawa tana sauka da gargadar hanya, tana kuma bin sitiyari hagu da dama. Sandar ƙarfe zalla ba za ta iya wannan ba, sai an yi mata gaɓa a kowane ƙarshe. Gaɓoɓin nan su ne ake kira kan shaf, kowanne kuma yana lulluɓe da baƙar roba mai riƙe masa giris. A takardun kamfani za ka ga an rubuta CV, wato gaɓar da ke isar da juyi daidai wa daida ko da a lanƙwashe take.

Kan waje, na jikin taya, shi ne mai lanƙwasa sosai, yana kaiwa wajen digiri 45 idan an murɗe sitiyari har ƙarshe. A cikinsa akwai ƙwallayen ƙarfe, galibi 6, wasu 8, suna zaune cikin keji suna gudu a hanyoyin da aka sassaƙa musu. Wani injiniyan kamfanin Ford mai suna Alfred Rzeppa ne ya fito da fasalin a shekarun 1920, har yau kuma da sunansa ake kiransa. Idan wannan kan ya cinye, ƙara yake yi: ƙas-ƙas-ƙas a wurin shan kwana.

Kan ciki, na jikin giyabos, shi ne mai sa jijjiga. Ba ya lanƙwasa da yawa, bai cika wuce digiri 25 ba, amma yana da wani aikin daban: yana zamewa ciki da waje na 'yan santimitoci, domin nisan taya da giyabos yana sauyawa duk lokacin da tayar ta hau ko ta sauka. A yawancin motoci wani ƙarfe ne mai yatsu uku, kowane yatsa da 'yar tayarsa ta ƙarfe da ke juyawa a kan siraran boris masu kama da allurai, dukkansu cikin wani kofin ƙarfe mai hanyoyi uku. Da yake mota kusan kullum a tsayi ɗaya take tafiya, 'yan tayoyin nan wuri guda suke ta gurza, har su haƙa ɗan rami a bangon kofin. Idan ba a taka totur ba, suna wucewa sama-sama. Idan aka taka, ƙarfin inji ya matse su da bango, sai su riƙa faɗawa ramin suna fitowa, suna tunkuɗa giyabos da inji gefe da gefe. Shi ya sa rawar take zuwa da totur, shi ya sa kuma ake jin ta kamar ana girgiza gaban motar hagu da dama.

Akwai ɗan lissafi da ke taimakawa a nan. Taya mai lamba 195/65 R15 tana cin kusan mita 2 a juyi ɗaya, saboda haka a gudun kilomita 100 cikin awa tana juyawa kamar sau 14 a daƙiƙa. Rashin balansin yana bugawa sau ɗaya a kowane juyi, don haka ba ya yin ƙarfi sai an kai wajen 80 zuwa 110. Kan ciki kuwa, da yake yatsunsa uku ne, yana iya bugawa sau uku a juyi ɗaya. A gudun 50 kawai ya riga ya haura bugu 20 a daƙiƙa. Jijjigar da ta bayyana tun ana 30 zuwa 60 ana kan ba mota wuta, da wuya ta zama ta balansin.

Gwajin kan hanya

Kafin ka tayar da mota, kawar da ƙananan abubuwa. Auna iskar tayoyi huɗun, tabbatar notocin taya a ɗaure suke, leƙa bayan wili ko busasshiyar laka ta manne a ciki, shafa bayan taya da gefenta ko akwai kumburi. Kumburarriyar taya tana sa sitiyari ya riƙa lilo a hankali tun ana tafiyar 20, ko an taka totur ko ba a taka ba.

Nemi miƙaƙƙiyar hanya mai laushi wadda babu cunkoso, in da ɗan tudu ya fi. Kashe rediyo da na'urar sanyaya ciki. Idan mai kuloci ce, sa giya ta uku ko ta huɗu ana 40, ka taka totur sosai har zuwa 80 ko 90. Idan mai sauya giya da kanta ce, taka da ɗan nauyi amma kada ka danne har ƙasa, don kada ta koma ƙaramar giya ta rikita maka gwajin. Lura da gudun da rawar ta fara, da inda kake jin ta: a sitiyari ne, a ƙasan ƙafa, ko a kujera.

Tana tsakiyar yi, ɗaga ƙafa gaba ɗaya. Wannan daƙiƙar ita ce mafi muhimmanci a duk gwajin. Idan rawar ta ɗauke nan take alhali gudun bai ragu ba tukuna, abin da ke ɗaukar ƙarfin inji ne ke da matsala. Idan ta ci gaba kamar babu abin da ya sauya, koma kan taya, wili, ko lanƙwasasshen shaf. Maimaita sau uku ko huɗu, domin gargadar hanya tana yaudarar mutum.

Saura a raba shaf da inji, tunda shi ma inji mai tsallake wuta, saboda fulogi ko kwayil, yana fizga ne idan an ɗora masa nauyi. Riƙe gudun da rawar ta fi ƙarfi, a ce 60, ka sauya giya. Gudun taya bai sauya ba, na inji ne ya sauya. Idan rawar ta tsaya yadda take, tana bin taya da shaf ke nan. Idan ta sauya kari ko ta ɓace da inji ya ƙara juyi, nemi inji. Tsallake wuta kuma yawanci gaba da baya yake fizgar mota, sau da yawa ma ya kunna fitilar gargaɗin inji.

Motoci masu sauya giya da kansu suna da nasu tarkon. Akwai wani kuloci a cikin giyar da ke kamawa a wajen gudun 60 zuwa 80, idan ya fara zamewa sai a ji gur-gur-gur kamar an hau tsakuwa, galibi da ɗan totur kaɗan. Riƙe totur yadda yake, ka ɗan taɓa birki da ƙafar hagu, taɓawar da za ta kunna fitila kawai. A motoci da yawa wannan yana sakin kulocin. Idan karkarwar ta ɗauke, giya ce da manta, shaf ba shi da laifi.

Sauran ba su da wahalar ganewa. Rawar da ba ta zuwa sai an taka birki, faifan birki ne. Gurnanin da ke ƙaruwa da gudu, ya sauya murya idan ka ɗan karkata hagu ko dama, boris ɗin taya ne. Ƙwanƙwasa a kan gargada kuwa, duba boljoyin da tayarod da robobin ƙafa.

Daga nan sai fili mai faɗi don kan waje. Sauke gilasai, murɗe sitiyari har ƙarshe, ka yi ta zagaye a hankali kana ɗan ba ta wuta. Yi hagu, yi dama, sannan ka sake duka biyun da ribas, domin ribas ya fi fito da ƙarar. Lalataccen kan waje zai yi ƙas-ƙas-ƙas a jere, yana ƙara sauri da gudun taya. Za ka ji ana cewa idan ƙarar ta fito a kwanar hagu to kan gefe kaza ne ya lalace. Kada ka dogara da wannan, ƙarfe yana ɗaukar sauti ya kai shi wani gefen. Sa wani ya tsaya nesa kaɗan a wajen da'irar ya saurara, ya fi tabbas.

Gwaji na ƙarshe: ana tafiyar 20, taka totur ka saki, ka sake takawa ka saki. Idan kowane takawa da saki na zuwa da ƙwal guda ɗaya daga ƙasa, akwai wasa a wani wuri. Yana iya zama kan ciki, yana iya zama robar da inji ke zaune a kai. Sai an shiga ƙasa za a raba gardama.

A ƙarƙashin mota

Ja birkin hannu, sa wa tayoyin baya waigi, ɗaga gaban, ka ɗora shi a kan ƙafafun ƙarfe. Jak na ɗagawa ne kawai, ba a shiga ƙarƙashin motar da shi kaɗai ke riƙe da ita.

Fara da ido da tocila. Giris ɗin shaf idan ya sami hanya ba ɗiga yake yi ba, juyi ne ke watsa shi, sai ka ga baƙin layi mai danƙo ya zagaye cikin wili, jikin shokazoba, ko gefen giyabos, daidai saitin robar. Murɗe sitiyari har ƙarshe don lanƙwasoshin robar waje su buɗe, ka juya taya da hannu a hankali kana bin kowane kwari da yatsa. Tsagar tana ɓuya ne a can ƙasan kwarin, wani lokaci ba ta kai tsawon farce ba. Matsa robar: idan ka ji iska na fita, ta huje. Gwada juya ta a kan ƙarfen: idan ta zame, maɗaurinta ya saki. Roba lafiyayya ba ta wanke kan ciki daga zargi ba fa, yana iya cinyewa da tsufa ko da ƙura ba ta taɓa shigarsa ba.

Sai hannu. Riƙe kofin kan ciki da hannu ɗaya, kama sandar da ɗayan, ka murɗa ta gaba da baya. Lafiyayyen kai kusan tare yake tafiya da sandar. Idan ka ji ta yi ɗan tafiya kafin kofin ya amsa, da ƙaramin ƙwas, ya ci. Sannan tura sandar sama da ƙasa daf da kofin, ka ji ko tana buga wani abu a ciki. Motsin ciki da waje kuwa kada ya tsorata ka, don shi aka yi kan. Haka nan ɗan lilo kaɗan a inda kofin ya shiga giyabos, motoci da yawa suna da shi tun suna sababbi. Amma idan lilon ya yi yawa kuma man giya na tsattsafowa a wurin, matsalar tana cikin giyabos, sabon shaf ba zai magance ta ba. Kullum ka kwatanta hagu da dama, ɗayan shi ne ma'auninka.

Ga inda gizo ke saƙar, inda ko ƙwararru kan yi kuskure. Idan aka ɗaga mota tayoyi suka rataye, shaf yana sauka, 'yan tayoyin cikin kofin su bar ramin da suka haƙa su koma inda ƙarfe bai ci ba. Sai a murɗa a ji shi tsam, a ce lafiya lau. Don haka maimaita gwajin hannun motar tana tsaye a kan tayoyinta, a bisa ramin gareji ko gadar hawa. Sau da yawa wasan da ya ɓuya a sama a nan yake fitowa.

Don gano lanƙwasa, kafa wani abu mai tsini, ko da sukundireba ne, daf da tsakiyar sandar ba tare da ya taɓa ta ba, ka juya taya. Idan tazarar tana buɗewa tana rufewa har ido na gani, sandar ta lanƙwashe, galibi daga faɗawa rami ko dukan dutse. Irin wannan rawar ba ta jin ɗaga ƙafa, shi ya sa take kama da ta taya. Wasu sandunan suna da wani dunƙulen roba a tsakiya mai shanye karkarwa, duba ko ya tsage ko ya zame daga gurbinsa. A motoci da yawa kuma shaf ɗin da ya fi tsawo kashi biyu ne, da boris mai riƙe shi a jikin inji. Girgiza wurin, duba kusoshinsa.

Kada ka fito sai ka duba robobin zaman inji da giyabos. Idan ɗaya ta fashe ko ta zauna, inji yana karkacewa, shaf ya koma aiki a kusurwar da ba tasa ba, sai lafiyayyen kai ma ya yi rawa. Haka abin yake ga motar da aka ƙara wa tsayi ko aka rage mata. Wani abu kuma: kada ka sa giya ka ba mota wuta tana kan ƙafafun ƙarfe don ka ga rawar da ido. Babu nauyin da zai fito da ita, kuma idan taya ɗaya ta tsaya, ɗayar tana juyawa ninki biyu na abin da allon gudu ke nunawa.

Idan har yanzu da kokwanto, a buɗe kan cikin. Yi alama a kofi da sanda don su koma yadda suke, yanke maɗauri, ja robar baya. Murza giris ɗin tsakanin yatsu biyu: idan ka ji ɓarɓashi kamar yashi, ko ya tsinke ya zama ruwa-ruwa, ko yana ƙyalli da garin ƙarfe, an gama magana. Goge hanyoyin ukun tas, ka bi bangonsu da kan yatsa. Santsi da sheƙi ba laifi ba ne. Ɗan kwarin da yatsa ke faɗawa, ko wurin da ya yi shuɗi saboda zafi, shi ne rawar da kake ji.

Roba kaɗai, ko shaf gaba ɗaya

Idan robar ce ta tsage kwanan nan, babu ƙara, babu rawa, giris bai ɗauki ƙasa ba, sauya robar ya isa. Amma a wanke kan tas a bar shi ya bushe, zuba sabon giris a kan tsohon mai yashi ɓarnar giris ne kawai. Kan waje baƙin giris mai sinadarin moli yake sha. Kan ciki mai yatsu uku kuwa kamfanoni da yawa suna ba shi nasa daban mai laushi, wanda zai iya ratsa alluran nan. Giris ɗin boris na gama-gari bai dace da ko ɗaya ba. Yawan da ake sawa yakan kama daga giram 80 zuwa 150 gwargwadon mota, kuma ƙunshin da ke zuwa da sabuwar roba an auna shi daidai: a juye shi duka, wani cikin kan, sauran cikin robar. Kafin a matse babban maɗaurin kan ciki, a ɗan ɗaga bakin robar iska ta daidaita, don kada ta kumbura ko ta shanye. A matse da filayar da aka yi don shi. Waya ko igiyar roba ba sa riƙewa.

Kan da ya riga ya fara ƙara ko rawa, giris ba ya mayar masa da ƙarfen da ya ci. Yana iya yin shiru na 'yan kwanaki, sannan ya dawo. Sai dai sauyi. Kuma ba a san ranar da zai yanke ba: idan ya fashe, inji zai yi ta kuka mota ba ta motsi, mai sauya giya da kanta ma ko an sa ta a P, wato fakin, tana iya gangarawa, sai birkin hannu.

Jera sabon shaf da tsohon a ƙasa kafin a ɗaura. Tsawonsu ya zo ɗaya idan an tura kan ciki har ƙarshe, a ƙirga haƙoran kowane ƙarshe, a ƙirga na zoben ABS (na'urar hana taya kullewa idan an taka birki) idan a jikin kan yake, domin bambancin haƙori ɗaya ya isa ya kunna fitila ko ya rikita birki. Shaf mai araha shi ma yakan zo da tasa rawar. Alamar da aka fi saninsa da ita ita ce mota mai sauya giya da kanta ta riƙa karkarwa tana tsaye a D, wato giyar tafiya, an taka birki, abin da ba ta yi kafin sauyin. Idan sandar asali tana da lafiya, sauya kan da ya lalace kaɗai da mai inganci ya fi a jefar da ita a ɗaura ta banza.

Wurin cirewa, kada a ja sandar don a fizgo kan ciki daga giyabos, yatsun za su fice daga kofi allurai su zube. Ana sa ƙarfe ne a bayan kofin a ɓamɓaro shi. Kada a doki bakin zaren shaf, inda notin tsakiyar taya ke hawa, da guduma kai tsaye, kada kuma a bar shaf yana rataye da nauyinsa. Wurin mayarwa, a shigar da shi a saiti don haƙoransa kada su yage robar da ke tare man giya, a tura har zoben makullinsa ya yi ƙas, sannan a ja kofin da hannu a tabbatar ya kama. Wanda bai zauna ba yana rawa, yana zubar da mai, yana iya ficewa ana tafiya.

Babban notin tsakiyar taya, mai sifana 30, 32 ko 36 a yawancin motoci, sabo ake sawa, a ɗaure shi da sifana mai awo daidai abin da littafin motar ya ce. A ƙananan motoci da yawa adadin yana tsakanin 180 zuwa 300 a ma'aunin ƙarfin ɗauri na Nm. Shi ke matse boris ɗin taya, don haka kada a tura motar ko taku ɗaya tana kan tayoyinta alhali notin a kwance yake, boris zai lalace, bayan 'yan makonni a fara jin gurnani. A daddaƙe bakin notin ko a sa sabon fil, a cika man giyar da ya zuba da irin nasa.

Sannan a koma hanyar da aka yi gwajin farko, tudu ɗaya, giya ɗaya, gudu ɗaya, a taka a ɗaga. Idan rawar ta ragu amma ba ta ɓace ba, kan ciki na ɗaya gefen ne ke biye, tunda tafiya ɗaya suka yi. Bayan kwana biyu ko uku a sake leƙawa da tocila, a duba bakin maɗaurai ko giris na fitowa, da gefen giyabos ko akwai danshin mai.